Amsa: hanyar keke a cikin tsaunuka wadda mota ba ta bi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske akwai inda ake yawon keke cikin manyan tsaunuka ba mota ba tirela. Akwai wallahi, amma a Turai ne, yankin tsaunukan Alps. Ka duba wadda ake ce wa Alpe Adria, ta tashi daga Salzburg a Ostiriya har Grado bakin teku a Italiya, wajen kilomita 410. Ba dukkanta ce babu mota ba fa, amma daga garin Tarvisio na Italiya zuwa wajen garin Resiutta tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafan aka shimfiɗa kwalta, ka bi ta kan gada ka shige ramin da aka fasa cikin dutse, kuma abin da ya sa take da daɗin tuƙi shi ne jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, to da ma a hankali aka tsara hawan nata. Da bazararsu ake zuwa, lokacin sanyi ƙanƙara ce ko'ina.

Mu nan Ringim da kewaye ai fili ne, sai yashi. In tudu kake so a Najeriya sai Mambilla a Taraba, wajen Gembu, sai dai can titin ku ɗaya da motoci da masu babur, ga kwana-kwana. Kuma don Allah kar ka ɗauki keken Phoenix ɗin nan na zuwa gona, nemi keke mai giya, ka sa mai gyara ya duba maka birki sosai, gangara ta fi hawa haɗari.