Tambaya da Amsa: Ina Ganuwar Dunaverty Ta Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta cewa dangin MacDonald na Sikotland sun taɓa riƙe wata ganuwa mai suna Dunaverty, amma hoton da na gani dutse ne da ciyawa kawai. Anya an yi gini a wurin? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. An yi gini ƙwarai, ɗan'uwa. Dunaverty tana kan wani tsauni a ƙarshen kudancin Kintyre, wani dogon yanki da ya kutsa cikin teku a yammacin Sikotland, teku ta kewaye shi ta ɓangare uku. Hanyar shiga ɗaya ce, siririya, an kuma haƙa gwalalo an datse ta. Wanda ke saman dutsen yana ganin duk jirgin da ke ratsawa tsakanin Sikotland da Ireland, abin da ya sa sarakuna suka yi ta rububinta ke nan. Tun shekarar 712 littattafan tarihin Ireland suka ambaci wata ƙawanya da aka yi wa wurin. A 1263 ta faɗa hannun Sarki Haakon na Norway, a 1306 kuma Robert Bruce, sarkin Sikotland, ya fake a cikinta kafin ya tsallaka teku, sojojin Ingila na biye da shi.

'Yan MacDonald, masu sarautar tsibiran yammacin Sikotland, su suka fi daɗewa da ita. An karɓe sarautar tasu a 1493, Sarki James na Huɗu na Sikotland ya zuba dakarunsa a ganuwar a 1494. John MacDonald na Dunyvaig ya ƙwato ta, kuma ana ba da labarin cewa ya rataye wakilin sarki a jikin katanga, jirgin sarkin bai ma ɓace wa gani ba. An kashe John a Edinburgh a 1499. A 1607 aka miƙa Kintyre ga abokan gabarsu, 'yan Campbell.

Tambaya: Malam, in har wurin ya yi wuyar shiga haka, ta yaya aka ci shi da yaƙi a 1647? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, ƙishirwa ce ta ci su. Ruwan shansu daga wajen katanga yake zuwa. A lokacin yaƙin basasa, Alasdair MacColla, jagoran mayaƙan MacDonald masu goyon bayan sarki, ya bar mutum wajen 300 a ganuwar, 'yan MacDonald da 'yan MacDougall, ya haye tsibirin Islay. Da Janar David Leslie, shugaban rundunar abokan gabarsu, ya iso, sai ya fara ƙwace shingen waje, ruwan ya koma hannunsa. Daga nan ba sai ya hau dutse ba. Mutanen da ke sama suna kallon teku ta ko'ina, ba ɗigon da za su sha, ga zafin watan Yuni. Suka miƙa wuya, aka karkashe kusan dukkansu bayan sun ajiye makamai. Wannan kisan gilla ne, ko da wace hujja aka kawo, kuma har yau mutanen yankin na kiran wurin Dutsen Jini.

Game da ɓacewar ginin, ana kyautata zaton an rushe shi a 1685, lokacin tawayen da Argyll, shugaban 'yan Campbell, ya yi wa sarki. Da zarar rufi ya tafi, ruwan sama na shiga tsakiyar katanga ya wanke farar ƙasar da ke riƙe duwatsu, iskar teku da gishiri su ƙarasa. Mai ziyara a yau zai iya gane sawun gwalalon da 'yan guntayen katanga da ke manne da gefen dutsen.