Sabon babur mai taya huɗu yana hayaƙi: a sayo wata salansa ko a mayar wa dila?

Wani manomin albasa daga Wurno ya rubuto yana cewa: "Makonni uku ke nan da na sayi sabon babur mai taya huɗu domin zagayen gonakina a fadama, amma ya fara fitar da baƙin hayaƙi, kuma da zarar na danna totur sai ya shaƙe kamar zai mutu. Bakanikena ya ce salansa ce ta matse, a sayo wata tare da sabon kafireto. Shin in saya?"

Alhaji, kada ka saya tukuna. Salansa hanyar fita ce kawai, abin da aka ƙona a cikin inji shi take fitarwa, kuma baƙin hayaƙi alama ce ta cewa fetur ya rinjayi iska. Saboda haka ka fara da abin da ba zai ci maka ko kwabo ba, wato ka tabbatar cok (abin da ake ja domin ƙara wa inji fetur idan za a tayar da shi da sanyi) ba ya ɗaure bayan injin ya yi ɗumi, domin a sabon mashin wayarsa takan maƙale ba tare da mai shi ya lura ba. Daga nan sai ka buɗe iyakilina, wato matatar iskar da inji yake shaƙa. Littafin da ya zo da mashin zai faɗi lokacin da ya kamata a duba ta, amma ƙurar hunturu a ƙasar Sakkwato ba ta jiran wannan lokaci, balle ga abin hawan da yake tafe ƙasa-ƙasa yana shaƙar ƙurar da tayoyinsa suka tayar. Idan ta soso ce, a wanke ta, a bari ta bushe sarai, a shafa mata mai kaɗan a matse, domin man da ya yi yawa shi ma yana toshe iska. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, sabuwa ake sakawa. Akwai masu cire ta gaba ɗaya wai don injin ya sarara, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta cinye ringi da silinda.

Bayan haka ka sa a kwance fulogi ka duba bakinsa da idonka. Launin ƙasa-ƙasa shi ne na lafiya, busasshen baƙi irin na gindin tukunya yana tabbatar da yawan fetur, jiƙaƙƙen baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne yake haurowa. Idan iyakilina tana da tsabta amma fulogi yana ci gaba da yin baƙi, to kafireton ne, mai haɗa fetur da iska, yake bukatar saiti, kuma saiti daban, sauyawa daban. Wannan aikin dila ne muddin garanti bai ƙare ba, don haka ka je da rasit ɗinka kafin wani ya sa sifana a jikin injin, domin da yawa daga cikin dilolin sukan janye garanti idan aka yanke salansa ko aka saka kayan da ba nasu ba.

Da hayaƙin shuɗi-shuɗi ne, da maganar ta sauya, domin wannan baƙin mai ne yake ƙonewa, ko dai an cika shi ya wuce alamar ma'auni, ko kuma an kwantar da mashin a gefe lokacin da ake ɗauko shi. Farin tururi da sassafe a lokacin sanyi ba komai ba ne, amma idan ya ƙi tsayawa kuma ruwan lagireto yana raguwa, a kashe injin a mayar da shi inda aka saya.

Tambaya ta biyu daga wani matashi ne a Wamakko: "Idan na saki totur, salansa takan yi ƙara kamar harbin bindiga, kuma da dare ina ganin bututunta ya yi ja kusa da inji."

Malam, matsalarka kishiyar ta Alhaji ce, kuma a ganina ta fi haɗari, domin iska ce ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, irin wannan haɗin kuwa zafinsa yana iya ƙona bawul ko fiston, musamman a watannin Afirilu da Mayu da zafin garin nan yake haura digiri 40. Idan injin ya huce, ka duba notocin da suka ɗaure bututun salansa a kan inji, saboda jijjigar kwanakin farko takan sassauta su har iska ta riƙa shiga ta gaskit. Ka kuma duba robar da ta haɗa kafireto da inji ko ta tsage. Idan duka lafiya suke, wataƙila datti ne ya shiga ƙananan ramukan kafireto, kuma man galan na bakin titi shi ne abin zargi na farko. Kafin a gyara, kada ka ajiye shi kusa da karan gero ko busasshiyar harawa.

Ta ƙarshe daga Bodinga take, inda wani ya ce mashinsa yakan mutu bayan tafiyar minti goma, sai ya huta sannan ya tashi, yana tambaya ko ya sayi sabon batir.

Batir ba shi da hannu a nan, tunda yana tayar da injin. Idan mashin ya sake mutuwa, ka buɗe murfin tankin fetur nan take, in ka ji iska ta shige da ƙara kuma mashin ya tashi, to ƙaramin bututun numfashin murfin ne ya toshe ko ya lanƙwashe, shi ya hana fetur sauka. Idan ba haka ba, a auna tazarar bawul, wadda takan matse a sabon inji, kuma a yi haka tare da juyen farko na baƙin mai, wanda masana'antu da dama suke sa shi a cikin awa 10 zuwa 25 na farkon aiki.