Tambayi Bakanike: Zan iya lanƙwasa ƙarfen gaban Ford don in ɗaga ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Bakanike. Ina da a-kori-kura Ford F-150 ƙirar 1994, mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka shigo da ita ta Kwatano. Ina ɗaukar kaya daga Nguru zuwa ƙauyukan wajen Machina da Yusufari, kuma cikinta yana yawan gugar yashi. Wani mai walda ya ce in sa dogon sifirin in ɗaga ta inci 6, in tayoyin sun karkace shi zai gasa ƙarafan gaban da wuta ya lanƙwasa su su miƙe. Ya ce aikin yini ɗaya ne. In ba shi? Daga mai karatunka a Nguru.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba shi. In ma motar tana wurinsa yanzu, ka ajiye mujallar nan ka je ka karɓo makullinka, sai ka dawo mu ƙarasa.

Shiga ƙarƙashinta ka duba da idonka. Gaban motarka ba irin na a-kori-kurar Land Cruiser ba ne, mai aksil guda miƙaƙƙe daga taya zuwa taya. Naka ƙarafa biyu ne dogaye da suka gitta juna kamar almakashi: wanda ke riƙe da tayar hagu an ɗaure gindinsa a ɓangaren dama na shasi, na tayar dama kuma a hagu. Ford ta fara wannan tsari a 1965 da sunan Twin I-Beam, sannan a 1980 ta fito da na masu ja da ƙafa huɗu, Twin Traction Beam, wanda F-150 ta yi amfani da shi har 1996. Samfurin aksil ɗinka shi ake kira Dana 44, kuma tukunyar giyar gaba tana jikin ƙarfen ɓangaren direba.

To ga inda gizo ke saƙar. Taya a kafe take a bakin ƙarfen, duk inda ya sunkuya sai ta bi shi. Da ka sa dogon sifirin, ka danna bakin ƙarfen ƙasa ke nan, sai saman tayoyin ya buɗe waje, ƙasansu ya matso ciki. Mai waldarka bai yi ƙarya ba da ya ce za su karkace. Maganin da ya kawo ne ya fi cutar muni.

An taɓa jawo min irin motar nan gareji bayan an yi mata wannan aiki a wani wuri. Tayar dama, gefen waje ya cinye har waya ta fito, gefen ciki kuwa kamar jiya aka saya. Da na kankare laka a jikin ƙarfen da burushin waya, sai ga shuɗi-shuɗin inda wuta ta ci, ga kuma tsaga siririya kamar gashi ta taso daga nan ta nufi wajen boljoyin, wato mahaɗin da ke riƙe taya a bakin ƙarfen. Na sa farce a ciki, ya shige. Mai motar ya ce da buhunan gero ya taho a kanta. Ban ce masa komai ba, na dai nuna masa. Ƙarfen nan ba curarre ba ne, faranti ne aka matse aka haɗa, cikinsa kogo, kuma sandar da ke juya taya ta nan take bi. Ka gasa shi, ka kashe masa ƙwari, kuma babu idon da zai sa hagu da dama su lanƙwasu daidai wa daida.

Abin da ya sa maganar take ruɗar mutane shi ne, da gaske ana gyara waɗannan ƙarafa. Masu tseren hamada a kudancin Kalifoniya da Baja ta Meziko, inda ake tseren Baja 1000 tun 1967, suna ƙaunar gaban Ford saboda tsawon ƙarafan yana barin taya ta yi sama ta yi ƙasa sosai a kan gargada. Sai dai su yankawa suke yi. A yanke ƙarfen kusa da inda boljoyin yake, a ɗora shi a kan teburin awo da aka ƙera don wannan aikin kaɗai, a juya bakin gwargwadon ɗagawar da ake so, a yi walda, a bi da faranti mai kauri a ɗaure wurin. Ina girmama masu walda na Panteka da Ƙofar Ruwa, na ga sun tayar da abin da kamfani ya ce ya mutu. Amma wanda ba shi da wannan teburi, kuma bai taɓa yi ba, kada ya koya a motar da ke ɗaukar mutane.

Hanya ta biyu ita ce a sauko da gindin ƙarafan da wasu maɗaurai da ake sayarwa cikin saiti, domin ƙarfen ya koma kwanciyarsa ta asali. Tana aiki, amma tana ƙara wa shasi wahala, kuma notinta na son a riƙa dubawa.

Ko wacce ka bi, karkatar taya ɗaya ce kawai cikin matsalolin. Akwai hannun da ya tashi daga kowane ƙarfe ya koma baya ya kama shasi. In ba a sauko da shi ko an ƙara masa tsawo ba, sitiyari zai daina dawowa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a titi kamar akuyar da ta tsinke. Sandunan sitiyari su ma za su yi tsaye da yawa, ka faɗa rami motar ta fizge gefe ba ka juya ba, sai an canza hannun da ke fitowa daga akwatin sitiyari da mai saukowa ƙasa. Tiyon birki zai gaza tsawo. Shokozoba ma haka. Ga nauyi ya koma sama, kai kuma kana lodi har ya wuce kan direba. Aikin yini ɗaya, in ji shi!

Yanzu bari in tambaye ka: mene ne yake gugar yashin? Ina kyautata zaton tukunyar giyar baya ce, don ita ta fi kusa da ƙasa, tana share tudun da ke tsakanin sawun tayoyi. Ko inci 10 ka ɗaga gaba, ita tana nan inda take. Taya kaɗai ke ɗaga ta, kuma rabin abin da ka ƙara kake samu. In tayarka 235/75R15 ce, tsayinta kusan inci 29. Ka koma 31x10.50R15, ka sami inci ɗaya, kuma takan shiga ba sai an ɗaga komai ba. Mai inci 33 ita ke neman ɗagawa, ta kuma rage wa mota ƙarfin ja, ta ƙara shan mai.

Da motata ce, ga abin da zan yi. Sifirin mai shekara 30 ya riga ya zauna, don haka sabo ma kawai zai dawo maka da wani tsayin da ka rasa. In sa wanda bai wuce ƙarin inci ɗaya da rabi zuwa 2 ba, wanda bushin gyaran karkata da ke kan boljoyin na sama zai iya daidaitawa. In canza robobin gindin ƙarafan, in duba shasi wajen akwatin sitiyari ko akwai tsaga, don wurin yakan yi. In sa taya 31, in sayi famfo, in riƙa rage iska in zan shiga yashi, in mayar in na hau kwalta.

Wajen alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kuma ka tsaya a kan masu aikin. Wannan gaban, in aka sauke shi daga jek ko aka yi baya da motar, tayoyin sukan tsaya a karkace na ƙarya. Ka sa a tuƙa ta gaba 'yan taku a shimfiɗaɗɗen wuri marar tudu ko gangara, a tsaya ba tare da an ja baya ba, sannan a ɗora awo.