Zaman ƙasa da zaman kujera: amsa ga jikata

Jikata, saƙonki ya iso, na kuma ji daɗin tambayar. Kin ce a karatunku na tsara ɗakuna kin lura wasu al'ummu a ƙasa suke zama, wasu a kan kujera, kina son sanin ko rashin wadata ne ya haifi zaman ƙasa, kujera kuma alamar ci gaba ce. A'a, 'yar nan. Bari in warware miki zare da abawa.

Ki duba Japan. Sarkinsu da talakansu duk a ƙasa suka saba zama. Suna da wata tabarma mai kauri, tatami, tsawonta wajen santimita 180, faɗinta 90, kuma da ita ake auna ɗaki: a ce ɗaki mai tabarma 6, ko mai 8. Tabarmar ce ke yanke wa magini girman ɗakin. Tunda a kanta ake zama, ake kwana, dole takalmi ya tsaya a mashigi. Ƙofofin katako da takarda kuma turawa ake yi gefe, don wanda ke zaune ya ga lambu ba sai ya miƙe ba. A Koriya sanyi ne ya yi hukunci: a da, hayaƙin murhu ake bi da shi ta ƙarƙashin daɓe, ya ɗumama shi. Ondol suke kiran wannan dabara. Wa zai bar daɓe mai ɗumi ya hau kujera?

Abin da nake so ki riƙe shi ne, inda idon mai zama yake, can kwalliyar ɗaki ke sauka. A fadar Alhamra da ke Garnada a Andalus, kudancin Sifaniya, akwai tagogin da aka yi ƙasa-ƙasa sosai, saboda an yi su ne domin wanda ke kishingiɗe a kan matashi. Farisawa kuwa fasaharsu suka zuba a darduma. Dardumar Ardabil, mai sunan wani gari a Iran, wadda aka saƙa wajen 1540, tana gidan tarihi a Landan, tsawonta ya haura mita 10, ƙulle-ƙullenta miliyoyi ne. Wannan ba aikin matsiyaci ba ne. Turkawan Daular Usmaniyya sai suka tsaya tsakiya, suka zagaye bangon ɗaki da dakali, suka shimfiɗa masa katifu da matasai, tsakiyar ɗakin a buɗe.

Ita kuwa kujera, da mulki ta fara. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, an tarar da karagarsa lulluɓe da zinariya. A Turai an daɗe kujera mai hannu ta maigida ce kawai, sauran jama'a a benci. A fadar Basai, zamanin Sarki Luwi na 14 na Faransa, wurin zama ya zama ma'aunin daraja: sarki da sarauniya a kujera mai hannu, manyan matan fada a 'yar kujera marar majingina, saura kuma a tsaye. Har rigima ake yi a kan wannan 'yar kujerar.

Labarin ƙasar Sin ya fi burge ni, domin su sauya al'ada suka yi. Da can a tabarma suke zama kamar maƙwabtansu. Kujera ta shigo musu sannu a hankali daga yamma, ta hanyar fatake da masu yaɗa addinin Buda, sai a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, ta zama ruwan dare. Da mutane suka tashi sama, tebur ya ƙara tsayi, sauran kayan ɗaki ma suka bi shi. Japanawa sun ari rubutu da salon gini daga Sin, amma kujerar suka bar musu.

Sai a 1859 wani kafinta a Biyana, babban birnin Ostiriya, Michael Thonet, ya fitar da kujerarsa mai lamba 14. Da tururi yake lanƙwasa itace, kujerar sassa 6 ce kacal, a tura su a warware, a haɗa a can inda suka sauka. Araharta ce ta shigar da kujera gidajen masu ƙaramin ƙarfi a ƙasashe da yawa.

In malaminku ya ba ku aikin zana ɗaki irin na Japan, ki zauna a ƙasa tukuna, ki auna inda idonki ya tsaya, sannan ki sa tagar. Ki gaida mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka.