Filin Tambayoyinku: Za mu kai yara Legas hutu, a bar su su shiga teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina gajiya, ya aiki. Ni uwar ɗiya ukku ce, babban shekararshi 8, mai bi mishi 5, sai auta da ba ta cika 2 ba. Wanga dogon hutu maigida ya ce mu tahi Legas wurin yayanshi da ke kasuwanci a Agege mu yi sati biyu, to tun da yaran nan sunka ji zancen teku ba su da magana sai ita, ni kuwa wallahi gabana faɗuwa yake don ruwan da na sani bai wuce gulbin Rima ba. In bar su su shiga? Kuma ina za mu kai su wanda ba zai cinye muna kuɗi ba? Daga Maman yara, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana su. Ki kai su su ga teku, amma wanka a'a, kuma ba na so ki ji kunyar faɗa wa maigida haka ko da 'yan uwansa sun ce ai mu kullum muna zuwa.

Dalili kuwa, tekun Legas ita ce Atilantika kai tsaye, ba wani abu da ya tare ta, kuma hutun makarantunmu yana faɗowa a damina ne, lokacin da igiyar ruwa ta fi haukacewa. A watan Agustan 2012 ne teku ta yi toroƙo da dare a bakin tekun Kuramo da ke Legas ta tafi da mutane da rumfunansu. Abin da 'yan Arewa ba mu sani ba shi ne ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa sai ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wani siririn wuri da ƙarfin da ko ƙato mai iyo ba ya iya ja da shi, abin haushin ma wurin shi ne yake kama da ya fi ko'ina kwanciya don ba ya kumfa sosai, sai uwa ta ce yauwa ku je can ba igiya. Yaron da ya saba tsalle a gulbi ya san ruwa gefe guda yake tafiya, wannan kuwa zuwa yake ya dawo yana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

To me za su yi? Yashi. Ki tafi da tsofaffin robobi da ludayi da ƙaramin bokiti, su gina gidaje su haƙa rijiya su tsinci bawon ƙumba su bi ƙananan ƙaguwa, sai kin gaji ke ba su gaji ba. In ana son taɓa ruwa, babba guda yaro guda, hannu cikin hannu, iyakar idon sawu, fuska tana kallon teku ba a ba ta baya. Auta kuma tana goye ko tana kan tabarma. A raba aiki tun daga gida a ce wane kai ke da wane, don in an ce kowa ya sa ido ƙarshe ba wanda ya sa, ana can ana hoto, kuma yaro in yana nutsewa ba ihu yake ba, shiru ne.

Ranar zuwa ma ki zaɓa. Asabar da Lahadi da yamma wuraren shaƙatawa na bakin teku irin su Elegushi da ke Lekki kiɗa ne da giya da shigar da ba za ki so ɗan shekara 8 ya dawo Mabera yana ba da labarinta ba. Ku je Talata ko Laraba da hantsi, ku dawo kafin gosulon yamma, daga Agege zuwa Lekki tafiya ce sosai ba nan kusa ba. Ana biyan kuɗin shiga, wasu wuraren kuma ba sa barin a shiga da abinci daga waje, a tambaya kafin ki wahalar da kanki da dafa dambu. In wani dattijo ya ce ku je Bar Beach, ki gaya masa an cike wurin, birnin Eko Atlantic ake ginawa a kai. Tarkwa Bay ruwanta ya fi lafawa amma sai an hau jirgin ruwa, ni dai da jaririya a damina ban ba ki shawara ba. Sallah kuwa ba matsala, ruwan teku yana alwala, sha ne dai ba a yi, ku riƙe ruwan roba da yawa.

Ni a ganina rana guda ta ishe ku teku. Sauran abin da zai burge su ma ya fi arha. Ku bi ta gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 ce a kan ruwa, daga sama za su hango gidajen Makoko a tsaye bisa itace cikin ruwa da yara sa'anninsu suna tuƙa kwalekwale. Akwai jirgin ƙasa mai lantarki daga Marina zuwa Mile 2 da ya fara aiki a 2023, ga yaron Sakkwato da bai taɓa hawa jirgin ƙasa ba wannan kaɗai labarin zango guda ne a makaranta. Babban kuma ki sa babansa ya kai shi gidan tarihi na Onikan ya ga motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsashi suna nan. A gandun dajin Lekki Conservation Centre akwai birai, a ɓoye ayaba da biskit don ba su da kunya ko kaɗan, gadar igiyar wurin mai tsawon mita 401 da ke can sama kuma ba ta ƙananan yara ba ce.

Abu na ƙarshe jikinsu. Mun saba da zafin da ke busar da mutum, can kuwa gumi ne ba ya bushewa, sai ki ga ƙurajen zafi sun feso wa auta a wuya da bayan gwiwa. Kayan auduga marasa nauyi, wanka safe da yamma, ki ajiye man kaɗanya da basilin ɗin nan sai kun dawo. Ki saka gidan sauronku a jaka kar ki dogara da na masu masauki, da ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari na gudawa, ko ƙulli biyar saboda canjin ruwa da abinci. In ta mota za ku bi, ta Kontagora da Jebba da Ilori, ku yi tafiyar rana ku yada zango a hanya, kar a ce sai an kai a zama guda da yara ukku a baya.