Ka Saro Arba'in Kafin Ka Gwada Biyu

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya mai tsawo, ga taƙaitawarta: "Ina da shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, inda na shekara bakwai ina sayar da caja da rigar waya da gilashi. Ɗan yayana, wanda ya gama difloma a fannin kwamfuta, ya cire babbar manhajar tsohuwar kwamfutar hannunsa ya saka wata mai suna LineageOS, sai ta dawo da sauri kamar sabuwa. Ya ce idan muka saro tsofaffi muka yi musu haka za mu sayar da tsada. Na kwashe naira miliyan 3 na saro guda 40 daga wani dila a Ikeja, tabulet da wayoyi a gauraye, kowace a kan naira 75,000, da niyyar sayarwa a kan 120,000. Yau mako uku ke nan: 11 sun karɓi sabuwar manhajar, 5 sun mutu, 24 sun ƙi buɗuwa. Na sayar da 8, an dawo mini da 3 domin manhajar banki ta ƙi aiki a kansu. Yaron ya ce rashin kayan aiki ne, in ranto naira 800,000 mu sayi akwatin filashin, wato na'urar da masu gyara suke saka wa waya manhaja da ita, da sabuwar kwamfuta. In ranto?"

Alhaji, kada ka ranto ko kwabo, kuma kada yaron ya sake taɓa ko guda ɗaya daga cikin 24 ɗin nan har sai ka gama karanta wannan amsa. Rashin kayan aiki ba shi ne ya kai ka inda kake ba. Abin da ya kai ka shi ne ka ga na'ura ɗaya tak ta yi kyau a hannun yaron da kake ƙauna, sai ka ɗauki nasarar guda ɗaya ka lissafa ta sau arba'in, ka biya kuɗin kafin ka san mene ne a cikin kwalin. Cinikin biri a sama ka yi. Kai da ba za ka saro katan ɗin caja ba sai ka jona biyu ko uku a wuta ka ga yadda suke, kai ne ka tura miliyan 3 Legas a kan kayan da ba ka nemi lambar samfurin ko ɗaya daga cikinsu ba. Da ka sayi biyu ka ba yaron mako biyu, da naira 150,000 ta koya maka duk abin da miliyan 3 take koya maka yanzu.

Ina nanata maganar lambar samfuri domin a kanta wannan sana'a take tsaye. LineageOS, wadda ta gaji wata manhaja irinta mai suna CyanogenMod bayan an rufe wannan a ƙarshen 2016, ba manhaja ɗaya ba ce da ake zuba wa kowace na'ura yadda ake zuba mai a kowane babur. Kowace na'ura da tata ake haɗa mata daidai da injin da ke cikinta, kuma 'yan sa kai ne suke wannan aiki, ba ma'aikatan da ake biya ba. Sunan da ke jikin kwali ba ya gaya maka injin. Ɗauki misalin Galaxy Tab S6 Lite na Samsung: wanda ya fito a 2020 mai lamba SM-P610 injin Exynos ne a cikinsa, wanda ya fito a 2022 mai lamba SM-P613 kuma injin Snapdragon ne, alhali suna ɗaya, kama ɗaya, har alƙalaminsu iri ɗaya. Duk wanda ya ɗauki manhajar na farko ya tura wa na biyu, to kada ya yi mamakin abin da zai biyo baya, kuma ina kyautata zaton irin wannan ganganci ne ya kashe wasu daga cikin biyar ɗinka.

Su kuma 24 da suka ƙi buɗuwa, akwatin filashin ba lallai ne ya buɗe su ba. Kafin a sauya babbar manhaja dole a buɗe makullin da masu gyara suke kira butloda, kuma kamfanin da ya ƙera na'urar ko kamfanin sadarwar da ya fara sayar da ita shi ne yake da ikon barin a buɗe ko ya hana. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Wayoyin Pixel da aka saya ta hannun kamfanin sadarwa na Verizon a Amurka a kulle suke, duk da cewa 'yan uwansu da aka saya kai tsaye daga Google suna cikin mafi sauƙin buɗewa. Wayoyin Samsung da aka yi domin kasuwar Amurka yawancinsu su ma a kulle suke. Xiaomi yana bari a buɗe wasu, amma bayan an yi rajista an jira kwanaki. Kayan gwanjo da ake tarawa a gauraye a Ikeja kuwa da yawansu daga Amurka suke fitowa, kuma dilan da ya sayar maka bai yi maka ƙarya ba, domin ba ka tambaye shi wannan ba. Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika aljihun mutanenmu, da wuya ka ga sunansu a jerin na'urorin da LineageOS ta amince da su, saboda haka ko a nan kasuwar ba ta da faɗin da yaron yake zato.

Bari mu yi lissafin da ya kamata ku yi tun farko. Biyar da suka tsaya a hannun masu saye sun kawo maka ribar naira 225,000, wato 45,000 a kan kowace. Biyar da suka mutu sun tafi da naira 375,000 na uwar kuɗi. Ke nan tun kafin a saka kuɗin mota daga Legas, da data, da man janareta, da mako uku da hankalinka ya bar shagonka na asali, kana cikin faɗuwar naira 150,000. Naira miliyan 1.8 tana kwance a cikin 24 ɗin da ba su buɗu ba, kuma abin dariya shi ne daidai adadin ribar da ka yi mafarkin samu ke nan. A kan wannan ne ake so ka ɗora bashin 800,000.

Na taɓa ganin irin wannan da idona. Shekarun baya wani abokin hulɗata ya karɓi kwangilar kai wa wata makaranta mai zaman kanta tabulet talatin. Ƙanin matarsa ya ba shi shawarar a sayi tsofaffi masu araha a sauya musu manhaja, kuma a ranar da aka kai kaya kowa ya yaba, domin suna tashi da sauri, hoto tar. Ba a yi wata guda ba malamai suka gano cewa makirufo ba ya ɗaukar murya a cikin manhajar da suke koyar da karatu da ita. Ashe manhajar da aka saka ba ta cikin jerin da aka amince da su, wani ne can ya haɗa ta domin nishaɗinsa ya saka a intanet, ya rubuta a ƙasa cewa makirufo yana da matsala, kuma ƙanin matar bai karanta har ƙasa ba. Makarantar ta riƙe rabin kuɗin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na tambayi mutumin wace manhaja aka saka wa wace na'ura kuma daga ina aka sauke ta, babu ko layi ɗaya a rubuce. Ya sha asarar shi kaɗai, ƙanin matar ya koma harkarsa, kuma har yau ba a iya tayar da zancen a gidan ba tare da an ɓata rai ba.

Ban ce ɗan yayanka maƙaryaci ba ne. Abin da ya nuna maka gaskiya ne, tsohuwar na'urar da kamfaninta ya daina kula da ita tana iya samun sabuwar Android ta wannan hanya, kuma wannan yana da amfani, musamman da yake manhajoji suna yin watsi da tsofaffin na'urori, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ta gaza ta 5 tun watan Oktoba na 2023. Yaron ya iya abu ɗaya a kan na'ura ɗaya tasa, wadda idan ta mutu babu mai bin sa bashi. Sai dai a tsarin da kuka yi, idan aka ci riba an ci tare, idan na'ura ta mutu taka ce ta mutu. Wanda ba ya asarar komai idan gwaji ya ƙi, kullum zai ga cewa saura gwaji ɗaya a dace, kuma saura kayan aiki ɗaya a saya. Laifin wannan tsari naka ne, domin kai ne babba kuma kai ne mai kuɗin.

Game da ukun da aka dawo maka da su, ka sani cewa za a ci gaba da dawo da irinsu. Google yana da wani bincike mai suna Play Integrity wanda manhajoji suke amfani da shi su gane ko an buɗe makullin na'ura ko an sauya manhajarta, kuma manhajojin banki da yawa suna ƙin aiki idan na'urar ta faɗi wannan bincike. Akwai dabarun ɓoyewa, amma yau su yi aiki gobe a toshe su, kuma ba na ba ɗan kasuwa mai mutunci shawarar ya sayar wa mutum na'urar da asusun bankinsa yake rataye a kan dabara. A na'urorin Samsung kuma akwai wata alama ta tsarin tsaronsu mai suna Knox da take ƙonewa da zarar an saka manhajar da ba ta kamfani ba, ba ta gyaruwa ko an mayar da ta asali, kuma wasu abubuwa irin su Secure Folder, wato ma'ajiyar sirri ta wayar, ba sa sake aiki. Ka tuna kuma wanda yake shigowa shagonka. Yana tambayar girman ma'adana, da ƙarfin batir, da kyamara, da ko an taɓa buɗe ta. A kasuwarmu kalmar "an yi mata filashin" rage kuɗin na'ura take yi, ba ƙara shi ba. Ku kuka ɗauka kuna ƙara wa kaya daraja ta naira 45,000, alhali a idon mai saye kuna rage musu ne.

Saboda haka 24 ɗin da kake ganin su ne matsalarka, su ne dukiyarka da ta rage lafiya. Ka zauna da littafi yau, ka rubuta kowace da lambar samfurinta da lambar shaidar waya ta IMEI ko lambar jikinta, da halin batir da gilashi, ka sayar da su yadda suke da manhajarsu ta asali. Idan ka samu 80,000 ka saki, idan uwar kuɗi kawai aka taya ka saki, domin kayan lantarki na gwanjo ba sa jiran mai su, kowane wata da suka yi kwantai ƙasa suke yi. Idan a cikinsu ka tarar da wadda take neman asusun Google na tsohon mai ita bayan an goge ta, kada yaron ya yi ƙoƙarin tsallake wannan kulle. Ka ware ta ka mayar wa dilan, domin ba ka san ta inda ta fito ba, kuma ka fi ni sanin yadda ake kwashe mai shago idan aka bi sawun wayar sata har teburinsa.

Biyar da suka mutu ka kai wa ƙwararren mai gyara wanda ya daɗe a kasuwar, ba yaron ba, ku yi ciniki a kan cewa sai wadda ta tashi za ka biya. Sau da yawa na'urar Samsung da ta ƙi tashi tana karɓar manhajarta ta asali ta hanyar wata manhajar kwamfuta mai suna Odin matuƙar tana shiga yanayin saukar da manhaja. Wadda ta ƙi, ka sayar da gilashinta da batirinta ga masu gyara. Shida da suke hannunka da sabuwar manhaja kuma, ka nemi masu buƙatar na'urar karatu ko ta kallon yara, waɗanda ba ruwansu da banki, ka faɗa musu abin da aka yi mata da bakinka, ka rubuta a rasit. Biyar da ka riga ka sayar ma ka kira masu su ka sanar da su tun kafin su gano da kansu.

Idan bayan duk wannan yaron yana son sana'ar, akwai hanyar da ba ta cin jarinka. Ka ba shi gefen tebur a shagon, mai na'ura ya kawo tasa da kansa, a duba lambarta a jerin da ke shafin LineageOS a gabansa, a gaya masa cewa buɗe makullin zai goge duk abin da ke ciki kuma manhajar bankinsa tana iya ƙin aiki, ya sa hannu, ya biya kuɗin aiki. Ya tsaya a kan samfuri biyu ko uku da ya ƙware a kansu, ya ƙi karɓar sauran. Ladansa ya fito daga na'urar da ta yi mako biyu a hannun mai ita ba a dawo da ita ba, kuma wadda ta mutu a hannunsa a cire wani kaso daga ladan. Ka yi wannan magana a gaban mahaifinsa, a rubuce, domin kada gobe a ce ka ci da gumin ɗan ɗan'uwanka. Bayan wata uku ka buɗe littafin ka ƙirga mutum nawa suka zo neman wannan aiki da ƙafarsu. Idan abin da ya shigo ya isa sayen akwatin filashin, ya saya daga ciki.