Shin ƙorafi a kafafen sada zumunta yana sauya tsarin makin jiragen sama?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya ta jirgi, kuma na shiga tsarin tara maki na wani kamfani. Ina ganin kamfanonin nan suna ta neman a bi su a Facebook da X. Shin wannan yana da tasiri wajen riƙe fasinja, ko kuwa talla ce kawai?

Amsa: Yana da tasiri, Alhaji, amma kafin a gane irinsa sai an san matsayin makin nan a wurin kamfani. Tun da kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da tsarin makinsa mai suna AAdvantage a 1981, tsarin ya girma har ya zama kasuwanci mai zaman kansa, domin kamfanoni suna sayar wa bankuna maki, su kuma bankunan su raba wa masu amfani da katinsu. Lokacin annobar korona a 2020, da jirage da yawa suka daina tashi, kamfanin United ya jinginar da tsarinsa na MileagePlus ya samu bashin dala biliyan 6.8, kamfanin Delta kuma ya samu na biliyan 9 da nasa tsarin mai suna SkyMiles. Dukiyar da ta kai haka ta dogara ne kacokan ga amincewar fasinja cewa makin da ya tara yau zai amfane shi gobe, kuma a kafafen sada zumunta ne wannan amincewa take saurin girgiza.

Abin da ya faru da Delta a Satumban 2023 shi ne misalin da na fi ba wa muhimmanci. Kamfanin ya sanar cewa kuɗin da mutum ya kashe ne kaɗai zai ba shi matsayi, wato darajar da ke ba mamba gata na musamman, ya ɗaga abin da ake bukata don matsayi mafi girma zuwa dala 35,000 a shekara, sannan ya taƙaita shiga ɗakunan hutunsa na filin jirgi. Fasinjojin da suka shekara da shekaru tare da shi suka cika intanet da ƙorafi, wasu kamfanoni kuma suka yi wuf suka yi musu tayin matsayi irin nasu idan suka sauya sheƙa. Shugaban Delta, Ed Bastian, ya amince cewa sun wuce gona da iri, kuma a watan Oktoba aka sauko da adadin zuwa dala 28,000. Sai dai ka lura, kamfanin ya sassauta ne kawai, bai janye tsarin ba. A ganina iyakar ƙarfin waɗannan kafafe ke nan: suna iya tilasta ragi idan masu kashe kuɗi da yawa suka yi magana da murya ɗaya, amma da wuya su juya manufar kamfani gaba ɗaya.

Inda suke gina amana ta gaskiya kuwa shi ne ranar matsala. A 2010, da tokar dutse mai aman wuta na Iceland ta rufe sararin samaniyar Turai, layukan wayar KLM, kamfanin jiragen ƙasar Holland, sun cushe, sai kamfanin ya koma amsa wa fasinjoji ta Facebook da Twitter (wato X a yanzu), daga baya ya mayar da hakan aikin dare da rana. Wanda aka sauya wa tikiti cikin gaggawa yana tsaye a filin jirgi ba ya mantawa, alhali hotunan talla da gasar lashe maki ba su cika tsayawa a ran kowa ba.

Saboda haka, ka auna kamfani da darajar makinsa, da wa'adin ƙarewarsu, da yadda yake amsa masu ƙorafi a shafinsa. Ina kuma roƙonka da ka yi hattara, domin 'yan damfara suna buɗe shafuka masu kama da na kamfanoni, suna bin masu ƙorafi da alkawarin mayar musu da kuɗi. Kada ka rubuta lambar tikitinka ko ta zama mamba a fili, kada ka wallafa hoton katin shiga jirgi, kuma duk wanda ya nemi kalmar sirrinka ko lambar katin bankinka ka rabu da shi, ka kira kamfanin ta lambar da ke shafinsa na ainihi.